Ƙurajen fuska sun dami ɗana mai shekara 15, mi ya kamata mu yi?

Ummu Sadik, Mabera

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar fata. Ɗana shina da shekara 15, yau kusan wata takwas ke nan da ƙuraje suka cika mishi goshi da kumatu, yanzu har sun sauka ga baya da ƙirji. Wasu ƙanana ne masu baƙin kai, wasu masu mugunya, sannan akwai guda uku manya gefen muƙamuƙi, masu tauri da zafi, ba su yin baki. Duk wanda ya mutu sai ya bar baƙin tabo. Shina wanke fuska da sabulun salo da soso sau huɗu ko biyar a wuni. Mun hana shi gyaɗa da ƙwai. An kuma sayo wani mai a kyamis da aka ce haɗi uku ne. Satin farko kamar an ɗauke da hannu, da ya ƙare sai abin ya dawo fiye da da. Yaron ya fara ƙin fita cikin abokai. Mi ke kawo wanga abu, kuma wane ne maganin gaskiya?

Dakta, Arkilla

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba shi lafiya. Abin da kuka bayyana ƙurajen balaga ne, kuma suna jin magani, sai dai a fara da ajiye soson nan yau.

Kowane ramin gashi a fuska da ƙirji da baya yana da 'yar jakar da ke fitar da maiƙo. Idan yaro ya shiga balaga, sinadarin namiji da ake kira testosteron yana ƙaruwa a jininsa, jakunkunan nan su girma, maiƙo ya yawaita. A daidai lokacin kuma matacciyar fatar da ke cikin ramin ba ta zubewa yadda ya kamata, sai ta cakuɗe da maiƙon ta toshe bakin ramin. Idan toshiyar ta rufe ruf, shi ne ƙurji mai farin kai. Idan bakin a buɗe yake iska na taɓa shi, sai ya yi duhu, shi ne mai baƙin kai. Baƙin nan ba datti ba ne, soso ba ya kai wurinsa. Akwai kuma wata ƙwayar cuta da ke zaune a fatar kowa, mai ƙuraje da marar ƙuraje. Idan ta samu rami a toshe cike da maiƙo sai ta hayayyafa, jiki ya tashi yaƙarta, daga nan kumburi da mugunya. Idan bangon ramin ya fashe ta ciki, abin ya bazu a ƙarƙashin fata, shi ne manyan nan masu tauri da ba su yin baki. Saboda yawan testosteron ɗin nan a jikin maza, nasu ya fi na 'yan mata tsanani, kuma ya fi sauka baya da ƙirji.

To dirza ba ta buɗe ramin, sai dai ta ƙara fasa shi. Wanka da sabulu mai laushi marar ƙamshi sau biyu a rana, da tafin hannu, ya wadatar. Ruwan alwala ba ya cikin lissafi, wannan ruwa ne zalla ba sabulu.

Magunguna biyu ne ginshiƙi, zan rubuta sunayensu yadda za ku gan su a jikin kwali. Na farko benzoyl peroxide, mai ƙarfin kashi 2.5 ko kashi 5 cikin ɗari. Yana kashe ƙwayar cutar, kuma ƙwayar ba ta sabawa da shi. Kada a ce sai mai kashi 10, ba ya fin ƙananan aiki a fuska, ya dai fi su ƙona fata. Na biyu adapalene mai kashi 0.1, shi ne mai warware toshiyar da hana sabuwa. Benzoyl peroxide da safe bayan sallar asuba, ya samu awanni kafin alwalar azahar. Adapalene da dare bayan isha'i, idan an tabbata ba sauran wanke fuska.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ɗiga magani a kan ƙurjin da ya riga ya fito. Wanda kuke gani yau tun makonni da suka wuce ya fara a ƙarƙashi. Maganin na hana na gobe ne, don haka a shafa shi siriri a duk wurin da ƙuraje ke fitowa, goshi da kumatu da haɓa, har inda ake ganin lafiya lau. Gwargwadon ƙwayar wake guda ya ishi fuska gaba ɗaya. A kauce wa gefen ido, leɓe da lungun hanci. A bari fuska ta bushe sosai bayan wanki, kamar minti 15, domin shafawa a jiƙaƙƙiyar fata ya fi sa raɗaɗi.

Kada a fara duka biyun rana ɗaya. Sati biyu na farko adapalene kaɗai, dare ɗaya a shafa, dare ɗaya a huta. Idan fata ta ɗauka, a koma kullum, sannan a shigo da na safe. Za a ga bushewa da ɗan saɓa, wani lokaci ma ƙurajen su ɗan ƙaru a watan farko. A nan ne yawancin mutane ke cewa maganin bai karɓe su ba su jefar. Sauƙi na fara bayyana ne tsakanin sati 6 zuwa 8, kuma ba a yanke wa magani hukunci sai ya cika sati 12.

Amma Hajiya, manyan nan uku da kuka ambata, da yadda abin ya kai baya da ƙirji, suna nuna na shafawa kaɗai da wuya ya isa. Yana bukatar likita ya gan shi ido da ido, mai yiwuwa a haɗa masa da na sha. Kada ku jira sati 12 ɗin kafin ku je.

Baban Ikilima, mai harhaɗa magunguna, Runjin Sambo

Hajiya, ku ɗauko bututun man nan da aka sayo ku duba ƙananan rubutun da ke jikinsa. Idan kun ga betamethasone ko clobetasol, to shi ne ya jawo abin da kuka gani. Waɗannan mayukan haɗi uku suna ɗauke da maganin naman gwari (irin ƙwayar cutar da ke kawo makero), da antibayotik, da kuma sitiroyid mai ƙarfi, wato irin waɗannan biyun da na ambata. Sitiroyid ɗin yana kwantar da kumburi cikin kwana biyu uku, fuska ta yi sumul har da ɗan haske, shi ya sa ake yabonsa. Amma bai taɓa toshiyar ba ko kaɗan, kuma shi kansa yana haifar da nasa ƙurajen, ƙanana iri ɗaya birjik. Idan aka daɗe a kansa fata na yin siriri, ta yi dabbare-dabbare, jijiyoyi su fito fili. Ba a yi shi don ƙurajen fuska ba. Idan sati biyu ko uku kawai ya yi yana shafawa, a daina kai tsaye, a kuma sa rai fuskar za ta ɗan tayar na 'yan kwanaki. Idan an yi watanni, a gaya wa likita ya tsara yadda za a janye a hankali. Haka ma man bilicin da sabulansa, da yawansu akwai irin wannan sinadari ko ba a rubuta ba.

Ƙari a kan bayanin Dakta, ta ɓangaren saye da amfani. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. A ajiye bututun a wuri mai sanyi cikin ɗaki, ba kan taga ko cikin mota ba, zafin garin nan yana lalata magani. Benzoyl peroxide yana cin launin tufafi kamar bilic, saboda haka a ware masa farin tawul da farar rigar matashi, ya kuma wanke hannu kafin ya taɓa shadda ko hula. Ranar farko a gwada kaɗan a gefen muƙamuƙi. Ɗan raɗaɗi da bushewa ba komai, amma idan wurin ya kumbura yana ƙaiƙayi sosai, ko fatar ido ta tashi, jikinsa bai karɓa ba, a daina. Na baya da ƙirji, akwai benzoyl peroxide na wanka: a shafa kumfar, a bar ta minti 2 zuwa 5, sannan a ɗauraye. Wannan dabarar ta shafa-a-wanke tana yi ma a fuska ga wanda fatarsa ba ta jure a bar shi wuni.

Maganar na sha. Wanda aka fi rubutawa ga mai shekarunsa shi ne doxycycline, yawanci miligiram 100 sau ɗaya a rana na tsawon wata uku, sannan likita ya sake dubawa. Sharuɗɗansa ba na wasa ba ne. A sha da cikakken kofin ruwa, a zaune ko a tsaye, kuma kada a kwanta sai bayan aƙalla minti 30, in ba haka ba ƙwayar na iya maƙalewa ta ƙona maƙoshi. A sha bayan an ci abinci don gudun tashin zuciya. A raba shi da nono, madara, maganin ƙarin jini da maganin olsa na ruwa da kamar awa biyu, domin suna riƙe shi a hanji. Yana sa fata saurin ƙonewa a rana. Idan azumi ya kama, a sha bayan buɗa baki da abinci, ba da sahur ba, tunda yawancin yara da sun yi asuba kwanciya suke. Idan ya fara matsanancin ciwon kai ko ganinsa ya dagule, a tsayar a koma asibiti.

Abin da nake roƙon iyaye su bari shi ne sayen kafso biyu yau, huɗu jibi, duk sanda ƙurji ya taso. Ba ya warkarwa, sai dai ya koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Antibayotik ba ya tafiya shi kaɗai a wannan ciwo, ko na sha ne ko na shafawa irin clindamycin. Dole a haɗa da benzoyl peroxide ko adapalene, kuma idan an gama wata ukun, na shafawar ne ke ci gaba da riƙe fuskar, wani lokaci har shekara ko fiye.

Ummu Sadik, Mabera

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, akwai clobetasol a jiki, mun ajiye shi. To batun abinci fa, mu ci gaba da hana shi gyaɗa da ƙwai? Kakarsa kuma ta ce a goga mishi lemun tsami da kanwa don baƙin tabon. Sannan wane mai zai shafa, tunda da hunturu fuskarsa har fari take yi?

Anti Nas, Gawon Nama

Maman Sadik, don Allah a ba Inna haƙuri, lemun tsami da kanwa kada su je fuskar nan. Lemun tsami idan ya haɗu da rana yana ƙona fata ya bar tabon da ya fi na ƙurjin baƙi, kanwa kuma tana cin fata. Haka tafarnuwa, man goge baki da toka. Fatarmu baƙa duk abin da ya fusata ta, da ƙarin baƙi take ramawa, shi ya sa matsa ƙurji da farce ya fi komai barin shaida. Baƙin da yake a shafe, wanda idan kin shafa yatsa ba rami ba tudu, zai tafi da kansa, amma yana ɗaukar watanni, wani har shekara. Adapalene ɗin da Dakta ya faɗa yana taimaka masa, akwai kuma azelaic acid mai kashi 15 ko 20 da likita zai iya ƙarawa. Rana ce ke daɗa dafa tabon. Idan da hali a samu man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, marar maiƙo. Idan babu, ko hular hana-salla ce ya sa in zai fita tsakar rana.

Gyaɗa da ƙwai a mayar masa, yaro mai girma yana bukatarsu, kuma ba su ne tushen ciwon ba. Inda bincike ya fi nuna alaƙa shi ne kayan zaƙi da abin da ke saurin ɗaga sukarin jini: lemun kwalba, zoɓo da shayi da aka cika wa sukari, biskit, farin burodi. Madarar shanu ma tana tayar wa wasu, ba kowa ba. Idan kuna zargin wani abu, a cire shi shi kaɗai na wata biyu a gani, ba a hana yaro komai a lokaci ɗaya ba. Rage zaƙi taimako ne, ba ya maye gurbin magani.

Wanda ya fi abinci muhimmanci, ku tambaye shi cikin hikima ko yana shan wani abu don ƙiba ko ƙwanji. Ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe sau da yawa akwai dexamethasone a ciki, shi ma sitiroyid ne, kuma yana fesar da ƙuraje a ƙirji da baya. Garin furotin na masu ɗaga ƙarfe ma yana iya tayarwa. Wasu magungunan farfaɗiya da na tarin fuka suna yi, amma waɗannan ba a daina su sai da izinin likitan da ya rubuta.

Batun mai. Basilin mai kauri, man kwakwa, man zaitun da man gashi su tsaya daga wuya zuwa ƙasa, kuma ban da ƙirji da baya inda ƙurajen suke. Man da ake shafa wa kai yana gangarowa goshi da zufa, hula ta danne shi, sai ka ga layin ƙuraje daidai bakin hula. A riƙa wanke hular. A fuska a samu loshan mai ruwa-ruwa marar ƙamshi. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, maganin zai fi busar da shi, to sai ya fara shafa loshan, ya jira ya shiga, sannan ya ɗora adapalene, ko ya koma dare ɗaya bayan ɗaya. Da bazara kuwa, Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, matsalar zufa ce. In ya dawo daga ƙwallo ya cire rigar nan ta roba nan take ya watsa ruwa, singiletin auduga ta fi.

A lura kuma ba duk ƙurjin bayan saurayi ne na balaga ba. Ƙurajen zufa ƙanana ne masu tsikari, suna zuwa da zafi su tafi da sanyi. Akwai kuma na naman gwari, duk girmansu ɗaya, masu ƙaiƙayi, babu masu baƙin kai a cikinsu, kuma antibayotik ƙara su yake yi. Na balaga ba su cika ƙaiƙayi ba. Idan kuma akwai masu tauri a ƙeya bayan aski, wannan wani ciwon ne daban, a daina ƙwalƙwal da reza a wurin, a bar ɗan gashi, kuma ya mallaki kilifarsa.

Dakta, Arkilla

Na yarda da duk abin da Malam da Anti suka faɗa. Abu ɗaya zan ja hankali a kai, bambancin tabo. Baƙi a shafe yana gogewa. Rami a kumatu ba ya cikewa da kansa, haka tabon da ya tashi ya yi tudu yana ƙaiƙayi a muƙamuƙi, kafaɗa ko tsakiyar ƙirji. Wannan mai tudun ya fi yawa a baƙar fata, kuma idan akwai mai irinsa a dangi a faɗa wa likita. Kada a kai wa wanzami ya tsaga ko ya yanke, yankan ne ke sa ya dawo ya fi da girma. A asibiti allura ake yi a cikin tabon, duk bayan sati 4 zuwa 6. Manyan ƙurajen da ɗanku ke da su su ne masu barin irin waɗannan, shi ya sa na ce kada a yi jinkiri. Maganar a bar shi zai wuce in ya girma, ko in ya yi aure, ba ta da amfani a nan. Ƙurajen za su lafa wata rana, ramin ne zai zauna. Kuma ba su da alaƙa da sha'awa ko ƙazanta, kada a bari 'yan'uwansa su riƙa yi masa wannan tsiyar.

Idan an yi wata uku ana shan doxycycline tare da na shafawa yadda ya kamata ba a ga canji ba, ko tabo na ƙaruwa, mataki na gaba isotretinoin ne. Yana ƙanƙantar da jakunkunan maiƙon, ana shan sa gwargwadon nauyin jiki na wajen wata 4 zuwa 6 ko fiye, kuma da yawa ba sa sake fama bayansa. Amma na likitan fata ne kawai. Ana gwajin hanta da kitsen jini, yana busar da leɓe da hanci da ido sosai, ana bibiyar ko mai sha ya shiga damuwa ko ƙuncin rai, ba a haɗa shi da doxycycline, ba a ba da jini ana kansa har wata guda bayan gamawa. Mafi girma, yana nakasa ɗan tayi. A gidan da ake da mata da 'yan mata, a kulle shi, kada ƙwaya ɗaya ta je hannun wata don ta ga fuskarsa ta yi kyau.

Akwai alamun da ba a kwana da su: ƙuraje su ɓarke farat ɗaya su zama gyambo a ƙirji da baya tare da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, wanda samari ya fi kamawa, ko kumburi kusa da hanci ya bazu zuwa ido. Sai kuma abin da kuka faɗa a ƙarshen tambayarku, wanda ni ya fi tsaya mini. Yaron da ya fara ɓuya daga abokai ciwon ya wuce fata. Idan ya daina cin abinci ko barci, ko yana ƙin makaranta, ku faɗa wa likita a fili, yana cikin abin da ake dubawa wajen zaɓen ƙarfin magani.

Ku je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, ku nemi a tura ku wurin likitan fata. Ku tafi da bututun man nan da duk sabulu da ƙwayar da ya taɓa amfani da su. Ku ɗauki hoton fuskarsa gaba da gefe biyu, da na bayansa, a hasken rana, ku maimaita duk bayan sati huɗu a wuri ɗaya. Kuma a bar shi ya yi wa likita bayani da bakinsa, ko da za ku ɗan fita waje, domin akwai tambayoyin da ba zai amsa a gabanku ba.